Girkin Walburga a Gidan Littattafan Sarakuna

"Lafiya ƙalau, Oma. Ya hanya? Masu jirgin ƙasa ba su caje ki kuɗin dakon kayan tarihi ba?"

"Ja'iri. Ajiye gaisuwar, Korbinian. Ina abin da na ce ka kawo?"

A ƙofar babban ɗakin karatu na jiha da ke Munich suka haɗu da hantsi, gaban mutum-mutumin wasu malamai huɗu na dutse da ke zaune a bakin matakala. Walburga ta haura tamanin, ga sanda a hannu, ga jakar cefane a hammata. Mako mai zuwa za ta koma gidan kula da tsofaffi, 'yarta kuwa tuni ta fara kwashe kayan gidan ƙauye tana lodawa a motar bola. Abin yana ci mata rai ƙwarai, sai dai ba ta nunawa. Abu ɗaya ta rantse ba zai bi motar nan ba, ɗan littafin girkin da ta rubuta shekarun baya. Doka ce duk littafin da aka buga a jihar Bavaria a kawo kwafi biyu wannan gida, kuma abin da ya shiga nan ba a zubarwa. Mai ɗab'in garinsu ya rufe shago bai aiko ba. Kwafi ɗaya ya rage a hannunta, na biyun yana wurin jikanta Korbinian, ɗalibi a birnin, mai kiranta Oma, wato kaka, wanda suke 'yar tsama tun yana rarrafe.

"Wane abu kuma?" in ji Korbinian, yana gyara jakar bayansa.

"Littafina."

"Au, wannan? Ai yana bakin aiki. Shi ke tallafe da ƙafar teburina. In na zare shi kofina ya zube, ke za ki biya?"

"Teburin da ba a taɓa karatu a kansa ba? Shekara nawa kana jami'a, har malaman dutsen nan sun fara gaishe ka da suna."

"Ke suka sani, Oma. Na ji an ce ajinku ɗaya da na ƙarshen can. Har ya nemi aurenki kika ƙi, baƙin ciki ya daskarar da shi."

"Ya fi ka dai. Shi ko ba komai yana riƙe da littafi."

Korbinian ya ɗaga kai ya dubi dogon ginin, ya yi ajiyar zuciya irin ta mai tausaya wa mutum.

"Oma, kin san abin da ke cikin gidan nan kuwa? Littattafan sarakuna masu bangon zinariya. Waɗanda aka kwaso daga gidajen sufaye, rubutun hannu a kan fata, wasu sun haura shekara dubu. Taswirori, waƙoƙi, har da rubutun Larabawa da na Sin. A tsakiyarsu za ki ajiye yadda ake cura dankali?"

"Su sufayen iska suka sha suka yi rubutun? Da ba a cura musu dankalin nan, Knödel, ba, da alƙalamin ma ya gagare su ɗauka."

"Za su yi miki dariya a ciki."

"Su yi. Dokar ba ta ce sai mai bangon zinariya ba, cewa ta yi littafi. Kuma ka saurara, ɗan nema, ina da gado a gidan nan. Lokacin da wutar yaƙi ta ci shi, uwata tana aikatau a unguwar nan. Tana cikin waɗanda suka yi ta jidar littattafai a ƙirji zuwa cocin can, toka na zuba musu a ka. Ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba, amma ta fitar da su. Yau 'yarta ta kawo guda biyu, ka ce ba gurbi?"

"Guda ɗaya dai."

"Biyu! Buɗe jakar nan."

"Babu komai ciki sai safa mai datti."

"Na wanke maka abin da ya fi safa."

Wasu ɗalibai mata da ke wucewa suka ƙyalƙyale da dariya. Korbinian ya ja da baya, Walburga ta saƙalo igiyar jakar da kan sandarta. Tsohuwar da ta yi shekaru tana kama kaji a akurki ba ta rasa dabarar kama jika ba.

"Sake ni, Oma, mutane na kallo!"

"Su kalla. Tun asuba na fito, gwiwoyina sai ƙara suke kamar tsohuwar ƙofa. Ba zan koma ƙauye ba sai na hau matakalar cikin nan da littafi biyu."

"Matakalar da a da sarki kaɗai ke hawa? Kafin ki kai sama an rufe gidan, an buɗe, an sake rufewa."

"Sai in kwana a tsakiya, su sa mini lamba su jera ni a kanta."

"A sashen abubuwan da ba a taɓawa sai da safar hannu."

"Korbinian."

Wannan karon babu wasa a muryarta, shi ma ya ji. Ta sauke sandar.

"Uwarka ta zubar da tukunyar ƙarfen kakanka. Ta zubar da kujerar da na rene ka a kai. Ban ce uffan ba, ɗakin da za a ba ni ba ya ɗaukar kaya. Amma ina son abu ɗaya nawa ya zauna inda ba mai cewa ya tsufa. Ba ni littafin."

Kunnuwansa suka yi ja. Sannan ya zuge jakar ya zaro shi yana kallon gefe.

Walburga ta karɓa, ta kusa sakinsa. Bango ya rabu an liƙe shi da salatif, gefen takardun ya yi baƙi da maiƙo, ga busasshen ƙullu a shafin farko. Ba alamar ƙafar tebur ko kaɗan.

"Me ka yi wa littafina? Kare ka bai wa ya ci?"

"Na gaya miki ba zai shigu ba."

Ta laluba tabarau ta maƙala, ta buɗe. A gefen kowane shafi ga rubutunsa nan mai kama da tafiyar kaza. Ta fara karantawa da ƙarfi.

"‘Gishirin ya yi yawa, Oma.’ Iye! ‘Ƙarya ne, wannan lokacin bai isa dankali ya nuna ba.’ Ni ce maƙaryaciya? ‘Wa ke da man shanu haka sai mai saniya?’ Kai, marar kunya, har a cikin littafina kake mini gardama?"

"To ba kya ɗaukar waya da wuri."

Ta juya zuwa shafin miyar da yake so tun yana yaro. A nan rubutun ƙanana ne, can ƙasa. Ta fara karantawa, sai ta ƙarasa a zuci: ‘Na dafa ranar da aka kwantar da Oma a asibiti. Bai yi kamar nata ba.’

Ta daɗe tana kallon shafin. Daɗi ya kama ta, kuka kuma yana neman ƙwace mata, ita kuwa ba za ta yarda ja'irin nan ya ga hawayenta a titi ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Dole bai yi ba. Ka rage gishiri."

"Oma, in kin ce in ba su, zan ba su. Sai in ɗauki hoton shafukan."

"Wa zai bar ka? Sarakuna su ga wannan ƙazantar su ce daga gidana ta fito?"

Ta danna masa littafin a ƙirji har ya yi taga-taga, ta zaro nata mai tsabta daga jakar cefane, ta ɗaga sanda ta nufi ƙofa.

"Amma dokar ta ce biyu," in ji shi, yana binta.

"Na sani. Zan ba su ɗaya yau, in ce su rubuta na biyun an ara."

"In suka tambayi yaushe za a dawo da shi fa?"

Walburga ta fashe da dariya, ta saƙala hannunta a nasa.

"Sai ranar da mai aron ya mutu. Sun jira littattafai shekara ɗari huɗu, za su iya jiran naka. Riƙe ni da kyau, rago, matakalar sarki za mu hau."