Kuturtar Gyaɗa a Kan Tsoho Batiyono

"Lafiya lau muka tashi, 'yar gyaɗa. Ɓerayen gidan nan ne dai suka kawo mini ƙara, wai tun da aka ba wa 'yar Bissa ɗaki ba su sake ganin ko ɓawon gyaɗa ba."

Tsoho Batiyono ke nan, mai gidan da Zenabo Dabre take haya a unguwar Tampuyi ta Wagadugu. Shi Gurunsi ne, ita Bissa, ƙabilar da ta yi suna wajen noman gyaɗa. Ƙabilun biyu abokan wasan juna ne, saboda haka gaisuwarsu ba ta cika sai an haɗa da tsiya. Ranar da ɗaya ya gaida ɗaya da ladabi, to a tambaya ko lafiya. Shekararta ta uku ke nan a jami'a tana karatun ƙirƙirarriyar basira, abin da tsohon yake kira koya wa ƙarfe gulma. Yau ya dawo daga yawonsa na sassafe, ya jingine kekensa, sai ya tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ga jaka ɗaure a gefenta. Ya ga jakar sarai, amma ya yi kamar bai gani ba.

Zenabo ta ce, "Ɓerayen ƙarya suke yi, tsoho. Yunwar gidanka ce ta kore su. Jiya na ga ɗaya yana fita da kayansa a ka."

"Au, shi ne kike son ki bi shi? Wannan jakar fa?"

"Garinmu Garango zan koma."

"Alhamdu lillahi! Yau zan yi barci da ƙofa a buɗe. To me ya faru? Ƙarfen naki ya gane ke Bissa ce, ya ƙi karatu?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin jakar. Abin ya taɓa tsohon, domin bai taɓa jefa wa yarinyar nan magana ta faɗi ƙasa ba. Ya jawo kujerarsa ya zauna.

Ta ce, "Aikin da zai fitar da ni daga wannan shekarar ne ya lalace. Manhaja na haɗa. Manomi zai haska ganyen gyaɗa da wayarsa, ta gaya masa ko kuturta ta kama shi."

Tsoho ya tafa hannu har sai da kaza ta firgita. "Jama'a ku zo ku ji! An tura Bissa jami'a ta koyo ilimin da duniya take yayi, an ba ta na'urar da za ta iya ƙirga taurari, sai ta zaunar da ita ta koya mata gyaɗa! Wallahi ko sama aka kai ku, da kun sauka za ku tambaya ina ake shuka."

"Ku kuma in aka kai ku, za ku tambaya ina inuwa."

"Yauwa, yanzu na ji muryarki. To ina matsalar?"

"Ita na'ura ba a yi mata bayani, misalai ake nuna mata da yawa har ta gane da kanta. Hotunan lafiyayyun ganye malaminmu ne ya ba ni, duk a kan farar takarda aka ɗauke su. Na masu cuta kuwa innata ce ta ɗauko mini daga gonarta. Ashe kowane ganye sai ta kife ƙwarya ta ɗora shi a kai, wai don ya fito da kyau."

"Ai ta kyauta."

"Ta kyauta, amma na'urar ba ganyen ta koya ba, ƙwaryar ta koya. Duk abin da ta gani a bayan ƙwarya sai ta ce kuturu ne. A gaban aji malam ya ɗora lafiyayyen ganye a kan ƙwarya, ta ce a tuge shi a ƙone."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya cire hularsa yana fifita, sanƙonsa ya fito fes yana ƙyalli a rana kamar bayan ƙwarya. Zenabo ta dube shi, ta dubi wayarta, sai shaiɗancin Bissa ya motsa duk da baƙin cikin da take ciki. Ta ɗaga wayar ta haska kansa.

Wayar ta yi ƙara, ta ce da muryar mace mai natsuwa, "Kuturta ta kama. A tuge, a ƙone."

"Kai! Wa za a tuge?"

"Ba ni na faɗa ba, tsoho, ilimi ne ya faɗa."

"Ilimin banza! Wannan kan da kike gani, sarakunanku sun durƙusa masa."

"Sun durƙusa ne suna duba fuskarsu a ciki."

"Ki kashe ta kafin ta kira 'yan kwana-kwana! Ashe har ƙarfe kun koya wa raina iyayen gidanku."

Suka yi dariya tare, amma tata ba ta yi nisa ba. Ta kife wayar a cinya. Ta ce malam ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kawo sababbin hotuna, waɗanda aka ɗauka a cikin gona, ganye a jikin uwarsa, masu cuta da lafiyayyu. In ba haka ba sai ta maimaita shekara. Babanta kuwa ya riga ya faɗa tun ranar da ta taho, babu maimaici, in ta faɗi ta dawo gida.

Tsoho ya ce, "To ki je gonar innarki mana. Garango ai ko a masallaci aka tona sai an sami gyaɗa."

"Ta tuge masu cutar duka ta ƙone. Ni na ce ta yi hakan, tun kafin in san zan neme su. Na zagaya bayan gari, duk masara ce da kuɓewa. Inda na sami gyaɗa kuma lafiyarta ƙalau."

"Oh, duniya! Bissa tana kuka don gyaɗa ta yi lafiya."

Ya mayar da hularsa yana sosa gemu. Mutum ne da ya shekara arba'in yana shelar cewa gyaɗa abincin ɓera ne da Bissa, har a wurin jana'iza ya faɗa. Ya dubi jakar nan, ya dubi yarinyar da kullum take ajiye masa ruwan wanka tana cewa na wanke tsohuwar ƙwarya ne. Gaskiya tausayinta ya kama shi, kuma ya san gidan zai yi masa faɗi in ta tafi.

Ya yi gyaran murya. "Akwai wani abokina."

"Kana da aboki?"

"Rufe mini baki. Yana da 'yar gona a bayan Kambwanse, can gefen gari. Tsautsayi ya sa ya shuka abin nan naku. Bana kuma rabinta ta ƙanƙance, ganyen ya murɗe ya yi rawaya. Kunya ta hana shi tambayar kowa."

Zenabo ta ɗago kai a hankali. "Ya murɗe? Ya taru wuri ɗaya kamar an dunƙule shi?"

"Haka ya ce."

"Tsoho, wannan abokin naka, shi ne yake aron kekenka kullum da sassafe?"

"Wane keke?"

Ta tashi ta nufi keken, ta sa yatsa biyu ta zaro wani ɗan ganye da ya maƙale a sarƙa. Ta ɗaga shi sama kamar ta tsinci zinariya.

"Wannan fa? Zogale ne?"

"Iska ce ta kawo shi."

"Iskar ce kuma take soya gyaɗa a ɗakinka ranar Lahadi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma? Shekara biyu ina jin ƙamshi ina yi maka shiru saboda girman sanƙo!"

"La ilaha! Ashe maciji na ba wa ɗaki."

"Bissa ka ba wa ɗaki. Ko a cikin rijiya ka ɓare gyaɗa sai na ji."

Tsoho Batiyono ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Da ya buɗe, har hawaye ya yi don dariya. Ya sa hannu a aljihun 'yar-shararsa, ya ɗebo soyayyar gyaɗa cike da tafi, ya zuba mata a hannu.

"Karɓi, mayya. Mayar da jakar nan ɗaki, ki ɗauko wayarki. Ki ɗauki hoton kowane kuturu a gonar, ki koya wa ƙarfenki bambancin ganye da kan mutum. Amma in malaminku ya tambaya gonar wace ce, ki ce ta wani Bissa ce."

Zenabo ta goge ido da bayan hannu, ta jefa gyaɗa ɗaya a baki. "Haka zan ce. Wani tsohon Bissa mai suna Batiyono."

"Allah ya isa," in ji tsoho, yana karkaɗe mata mazaunin bayan keke. "Hau mu tafi, kafin su warke."