Yadda Ake Haɗa wa Amarya Man Shafawa da Ƙaron Wankin Hula

'Yar'uwa, matso kusa. Idan kina da waya mai kallon bidiyo, kina da maburgi, kina kuma da yayar miji wadda har yau ba ta yarda kin iya komai ba, to kin zo inda za a share miki hawaye. Ni ce Naja'atu, haifaffiyar Gumel, wadda aure ya kai Ɗanzomo, ƙwararriya a harkar haɗa man shafawa tun bazarar da ta wuce. Ki bi matakan nan yadda na tsara su, na yi miki alkawari sunanki zai zaga daga Sule Tankarkar har Maigatari. Nawa ya zaga. Ban ce miki da alheri ya zaga ba, amma wallahi ya zaga.

Mataki na 1: Nemo wadda za ki burge

Kada ki fara sana'a don neman na cefane, wannan aikin ƙananan mutane ne. Ki fara don wata ta daina yi miki kallon hadarin kaji.

Tawa ita ce Adda Laure, yayar maigidana. Ita ta raine shi, ita ke da shanun gidan, ita ke yanke magana. Bafulatana ce doguwa mai ƙarancin dariya. Tunda aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yabona ba. "Ta Gumel" take ce min. In ana sabga, wannan a ba ta tukunyar tuwo, waccan a ba ta rabon nama, ni kuwa a ce, "Ta Gumel, zauna ki yanka albasa." Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Sai Allah ya kawo bikin Jannatu, 'yarta ta fari, wadda za ta auri wani mai shagon atamfa a Maigatari. Kin dai san alkunyar ɗan fari a wajen mutanen nan. Adda ba ta taɓa kiran sunan Jannatu ba, "yarinyar nan" take cewa. Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta riƙe hannunta a gaban mutane. Ki ajiye wannan a ranki, za mu dawo kansa.

Mataki na 2: Yi alkawari a gaban jama'a tun kafin ki koya

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Wadda ta tsaya sai ta iya kafin ta yi magana, albasa za ta mutu tana yankawa.

Ki jira ranar da mata suka taru ana tsara biki. Za ki ji an ce a ɗauko wata Madam Hannatu daga Damagaram ta yi wa amarya gyaran jiki. A nan ne za ki gyara zama, ki ajiye wuƙa, ki ce yadda na ce:

"Dilka da lalle dai ta yi. Amma man da amarya za ta shafa ranar kai ta, a bar min. Da hannuna zan haɗa, babu sinadarin kanti ko ɗigo."

Adda ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

"Ta Gumel, kin taɓa yi?"

"Haba Adda, sau nawa!"

Ban yi ƙarya ba. Ba ta tambaye ni sau nawa na yi me ba. Sau nawa na kalla nake nufi a zuciyata.

Ta ce, "To. Fuskar yarinyar nan tana hannunki."

Kin ji abin da aka ɗora min. In ya yi kyau na zama 'yar gida. In ya ɓaci, ko albasar ma sai na roƙa.

Mataki na 3: Gano cewa ruwa da mai ba sa ga maciji

Narkar da man kaɗe. Zuba man riɗi kaɗan. Kawo ruwa mai ƙamshi ki tuttula a kai, ki kama burgawa. Burga har kafaɗarki ta sage. Zai yi fari tas, ki yi guɗa, ki ɗauki hoto. Ki je ki ɗora girki ki dawo, za ki tarar mai ya hau sama ya yi zamansa, ruwa yana ƙasa yana kallonsa.

Kada ki karaya. Koma wayarki ki kalli bidiyon har ƙarshe, abin da ya kamata ki yi tun farko. A nan za ki ji matar tana cewa ruwa da mai ba sa zama wuri ɗaya sai an sa musu mai sulhu, wani abu da zai kama hannun wannan ya kama na wancan. Nata farin gari ne a 'yar kwalba, daga ƙasar waje, ta ce daga jikin bishiya ake samo shi. Da ta nuna hoton bishiyar sai da na miƙe tsaye. Dakwara ce! Ƙaro ne, 'yar'uwa, ƙaron nan da yara ke ɓantara a jeji suna tsotsa, wanda malamai ke sa wa tawada. Ashe mu muke zaune a kan arziki muna sayen man kanti.

Daga wannan ranar ki fara tafiya a hankali, irin ta masu ilimi.

Mataki na 4: Kada ki yi amfani da blandar miya

Wannan gajeren mataki ne. Attaruhu ba ya barin blanda, ko da me kika wanke ta. Na gwada a kumatuna na hagu, na kwana biyu ina gaisawa da mutane da gefe ɗaya. Maburgi ya ishe ki.

Mataki na 5: Nemi ma'auni a wajen gwani, amma ki ɓoye masa dalili

Ki daka ƙaro, ki jiƙa, ki tace da tsumma mai tsabta. Sai tambaya ta taso: nawa ake zubawa? Matar bidiyo da wani ɗan sikeli take awo, ni kuma ludayi gare ni. Na zuba kaɗan, ya haɗu kyakkyawa, na ɗauke shi a bayan babur zan nuna wa ƙawata. Kafin mu isa, rana da gargadar hanya sun raba auren, mai ya koma sama.

To wa ya fi kowa sanin ƙaro a ƙasar Gumel? Masu wankin hula mana. Su ne kullum hannunsu ke cikinsa. Sai na shirya takanas na je wajen Malam Ubale, wanda ke wanke hulunan babanmu tun ina yarinya.

Ga inda hikima take: kada ki gaya masa na mene ne. Sirrin sana'a sirri ne. Yau ki faɗa, gobe ki ga matarsa ta buɗe shago.

"Malam Ubale, in mutum yana so aikin ƙaro ya jure rana da zufa, yaya zai zuba?"

Ya ɗago daga kan hular da yake gogewa. "Na biki ne ko na zaman gida?"

"Na biki ne. Babban biki."

"Za a yi tafiya da shi?"

"Har Maigatari."

"To kada ki yi masa rowa, 'yata. Ki zuba har sai kin tsoma yatsa biyu kin ji suna gardamar rabuwa. In kika yi haka, ko ruwan sama aka yi ba zai lanƙwashe ba."

Ban tsaya tambayar me zai lanƙwashe a jikin man shafawa ba. Na yi godiya, na dawo gida, na zuba. Da na tuna girman bikin sai na ƙara ludayi guda don ihsani.

Mataki na 6: Gwada a jikin maigida, ki fassara sakamakon yadda ya yi miki daɗi

Kai, wannan karon ya haɗu! Fari sol, mai kauri, na ajiye shi a rana wuni guda ko gezau. Na ɗiga masa humra, gidan duk ya ɗauki ƙamshi.

Baban Bilal, wato maigidan, yana da faso a dugadugansa. Na shafe masa ƙafa da safe ya tafi kasuwa. Da ya dawo na tare shi tun daga zaure.

"Yaya ka ji man?"

"Wallahi abin mamaki. Kin san silifan nan nawa da ke yawan zamewa a kan babur? Yau ko sau ɗaya bai fita ba. Da zan yi alwala ma sai da na sa hannu biyu."

Mace mai ƙaramar zuciya za ta ji wannan ta tsorata. Ke ƙwararriya ce. Abin da za ki ji shi ne: man yana kama jiki.

Mataki na 7: Ranar biki, shafa ba tare da tsoron Allah ba

Bayan azahar za a tafi da amarya. Shiga ɗakin da robarki a hannu, ki sa ƙawaye su matsa. Shafa mata a fuska, a wuya, a hannu har gwiwar hannu. Ki maimaita.

Da farko, 'yar'uwa, na ga aljannar duniya. Jannatu tana ta sheƙi kamar sabuwar tasa. Ƙawaye suna ta "Anti, ni ma ɗan shafa min." Har wata ta tambayi lambar wayata.

Sai man ya fara bushewa.

Amaryar da ke ta fara'a tun safe ta yi shiru, fuska a ɗaure tamau. Tsofaffi suka fara yabo: "Kai, yarinyar nan akwai kunya, ko murmushi ba ta yi." Ta jawo ni da ido, ta yi magana ta tsakanin haƙora.

"Anti, fuskata ta ƙi motsi."

"Haka yake yi, alamar yana aiki ne."

Zafin ɗaki ya sa ta fara zufa, zufa ta jiƙa ƙaro, ƙaro ya tuna aikinsa na asali. Mayafi ya manne a goshi. Duwatsun ado na jikin mayafin suka koma kumatu. Wani gashin kaza da ban san daga inda ya fito ba ya sauka a haɓarta ya zauna. Ƙudajen Ɗanzomo kuwa duk wanda ya sauka bai tashi ba.

Mataki na 8: Idan aka kira yayar miji, tsaya inda kike, don ba wajen gudu

Adda ta shigo. Ba ta dubi 'yarta kai tsaye ba, ta saci kallo ta gefen ido. Ta dangwali robar, ta haɗa yatsa biyu, ta ji suna gardamar rabuwa.

"Ta Gumel."

"Na'am, Adda."

"Amarya na ba ki, ko hula?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba dariyar ce ta dame ni ba, yadda Adda ta juya ta fita ba ta ƙara ko kalma ba, shi ya karya min zuciya. Na san shi ke nan, ni da zama 'yar gida sai dai a lahira.

Aka kawo ruwan ɗumi aka wanke fuska, aka ɓamɓare mayafi, aka sake kwalliya a gurguje. Kafin a zo kan hannuwa direba ya cika unguwa da hon, wai yana so ya shiga Maigatari kafin la'asar. Aka ja wa amarya mayafi ya rufe hannuwan, aka ce a je haka.

Mataki na 9: Yi shiru

Aka kai Jannatu ɗakin uwarta bankwana. Yadda aka saba, uwar 'yar fari ba ta doguwar magana. Za ta kama hannun yarinya ta miƙa wa gwaggo, ta juya baya, shi ke nan. Ba ta rakiya ko zuwa bakin ƙofa.

Adda ta kawar da kai, ta miƙo hannu ta kama na Jannatu, ta nufi gwaggo da shi. Ta zo saki, tafin ya ɗan riƙe.

Ina tsaye a bakin ƙofa, kuma ni na haɗa man nan, na san ƙarfinsa. Danƙo ne kawai. Silifa ma da hannu biyu ya fita. Da ta ɗan fizga, da ya sake ta.

Ba ta fizga ba.

Gwaggo ta ce, "Laure, saki mana, ana jira."

Adda ta ce, "Ya ƙi sakuwa. Man ta Gumel ne ya riƙe ni."

Wata ta ce a kawo buta. Butar tana hannuna, cike da ruwan ɗumi. Na dubi Adda, ita ma ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Sai na tura butar bayan ƙofa da ƙafa, na ce ruwan ya ƙare.

Haka Adda Laure ta fito tsakar gida riƙe da hannun 'yarta ta fari, ta ratsa zaure, ta bi layi a gaban kowa da kowa har bakin mota, tana tafe tana faɗa: "Kun ga aikin ta Gumel ko? Kun ga abin da ta ja min?" Hawaye suna zubo mata, ba ta share ba, wai hannun ba dama. Jannatu kuwa ta ƙanƙame hannun da nata biyun tana kuka kamar ranta zai fita. Sai da aka zaunar da ita a mota, sannan man ya ga dama ya saki.

Da ƙurar motar ta kwanta, na ɗauko butar na kai wa Adda, na durƙusa.

"Adda, ga ruwa ki wanke."

Ta dubi tafin hannunta, ta dunƙule shi a hankali.

"Bar shi tukuna, Naja'atu. Da sauran lokaci kafin la'asar."

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan, ita ta jiyo. Babu ruwana da fuskar da ta ƙi motsi, ko mayafin da aka cire da ruwan zafi, ko mijin da ya kwana da silifa. Malam Ubale ma ba shi da laifi, har yau yana tambayata ko hular ta jure. Kada ki zo min da ƙorafi, kada ki turo min amarya, don an yi zaman gida an haramta min taɓa fuskar kowa har abada.

In kuma kina neman ragowar man, babu. Adda ta aiko an karɓe robar, ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta. Ta ce kada in kuskura in gyara haɗin: ɗan farin ƙanwarta zai tafi karatu bayan salla.