Yadda Na Zama Marigayiya a Abakpa

Jaririna ya daɗe yana hana ni barci. Sai na gani a waya wai a bar yaro ya yi kukansa, zai koyi barci da kansa. Na ce lallai na fi uwata ilimi. Na kulle ɗaki, na toshe kunne da auduga, barcin wata uku ya kwashe ni.

Iya Talatu, maƙwabciyata a gidan haya, ta buga ƙofa ta ji shiru, ta fasa salati: "Uwa mai rai ba ta barin ɗa haka!" Sai mazan gidan suka ɓalle ƙofar. Na farka ana ja mini zani a fuska.

Yaron bai koyi komai ba. Ni kuwa kullum da safe sai na ji: "Marigayiya, an tashi lafiya?"