Ranar da Na Ba 'Yan Fim Aron Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ba 'yan fim aron motar mahaifina, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Gaya ba za su bar ni ba.

Ni malamin firamare ne, na kusa ritaya, kuma kafin wannan rana ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Ba ni da wani abin taƙama sai wannan mota. Baba ya saye ta tun ban shiga aji ɗaya ba, lokacin yana harkar gyaɗa. Doguwa ce, ruwan madara, giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba kuma guda ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya kamar benci. Da aka zo rabon gado 'yan uwana kowa ya nuna gonar da yake so, ni na ce a bar mini mota. (Har yau in yayana ya gama ɗaure buhunan geronsa sai ya tambaye ni buhu nawa motar ta yi bana.)

Makaranta a babur nake zuwa. Motar ba ta fita sai ranar Juma'a, in kai ta masallaci in dawo da ita rumfarta. Matata Hajara takan ce in hadari ya taso, sai na lulluɓe mota kafin in tuna akwai shanya a tsakar gida. Ba ƙarya ta yi mini ba.

Wata ranar Laraba da yamma ina wanke ta a ƙofar gida, sai wata bas ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Wani matashi ya sauko, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi darakta ne daga Kano. Suna ɗaukar wani fim na zamanin da a wani ƙauye kusa da Ajingi, sun yi wata guda suna neman irin wannan mota ba su samu mai tashi ba. Ya zagaya ta sau biyu hannayensa a baya, bai taɓa ta ba. Wannan ne ya sa na ji ya kwanta mini.

Na gindaya sharuɗɗa. Ba a cin abinci a ciki, ba a jingina da ita, kuma ba mai tuƙa ta sai ni.

Ya ce, "Ai Malam ka rage mana aiki. Dama muna neman wanda zai fito a direba, yaranmu ba wanda ya iya giyar sitiyari. Akwai wata matsala da take da ita?"

Na ce, "Ko ɗaya. Yadda ta fito daga kamfani haka take."

A nan na fara shuka abin da na girba. Birkin hannun motar nan ya mutu tun Baba yana da rai. In zan ajiye ta sai in bar ta a giya, in sa mata dutse a taya. Amma mutum ya taso daga Kano yana yaba motarka, sai ka buɗe baki ka ce masa da dutse take tsayawa? Na haɗiye maganar.

Kafin Asabar ta zo babu wanda bai ji ba. Na faɗa a ofishin malamai, na faɗa a majalisarmu ta bakin kasuwa, har mai shayi na faɗa wa. Tun ina cewa motata za ta fito a fim, har na koma cewa za mu fito. Na kai wa tela shaddar da na ajiye domin Sallah. Ita kuma Hajara da ta ji sunan ƙauyen sai ta ɗauki waya ta kira gidansu, domin a nan mahaifinta yake.

Surukin nan nawa malamin Islamiyya ne, dattijo mara yawan magana. Shekara ashirin da wani abu da aurenmu, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. In na je gaishe shi daga nesa nake cire takalmi. Na ce a raina ai Malam ba zai zo kallon fim ba, hankalina ya kwanta.

Asabar da hantsi na kama hanyar Ajingi a hankali, ina kauce wa ramuka, 'yan babur suna wuce ni suna waiwaye. Na tarar da ƙauyen ya cika. An gama girbi, kowa ya samu sarari, mata suna leƙe ta kan katanga. Abokan aikina uku sun riga ni zuwa a adaidaita sahu. A gindin wata tsamiya kuwa, a kan tabarma tare da dattawan gari, ga surukina Malam zaune da carbinsa. Ashe a ƙofar gidan maƙwabcinsa za a yi ɗaukar. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Mun ji an ce da kai za a yi. Allah ya taimaka."

Abu na farko, aka raba ni da shaddata. Mai kula da kayan sawa ta ce direban zamanin da ba ya sa shadda, ta miƙo mini wata rigar kaki da wando wanda da alama an ɗinka wa wanda bai kai ni cin tuwo ba. Na shiga zaure na cusa kaina a ciki. Maɓallin ciki sai da na riƙe numfashi ya shiga.

Daga nan darakta ya tsaya yana yi mini bayanin labarin. Allah ya sani ya yi bayani, kuma dalla-dalla, ina ganin bakinsa yana motsi. Ni kuwa idona yana kan wani mai ɗauke da fitila da ya ajiye kofin shayi dab da boneti. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne ƙarshen: in shigo da mota, in tsaya a ƙofar gida, in bar ta a kunne saboda suna son ƙarar injin, kuma duk abin da na gani kar in motsa. Ya ce, "Ka gane, Malam?" Na ce na gane sarai. (Ni da nake tsawata wa ɗalibai a kan su ce sun gane alhali ba su gane ba.)

Aka ce a fara. Na shigo da mota lafiya lau, jarumin fim ɗin yana zaune a baya da babbar riga. Na tsaya daidai inda aka zana mini, na mayar da giya firi, ƙafata a kan birki. Wurin yana da ɗan gangare, amma ban damu ba tunda ina ciki. Jarumin ya fita yana murmushi. Sai ga wani dattijon ɗan wasa ya fito daga zaure da wata ƙatuwar sanda baƙa, fuskar nan a murtuke. Daga baya na fahimci shi ne yayan jarumin a labarin.

Ya nuna motar da sandar ya ce, "Wannan ce? Gonar ubanmu ka sayar ka sayo wannan gwangwanin?"

Maganar ta yi kama da wadda na sha ji a gidanmu cikin raha, sai dai wannan karon a gaban jama'a ake yin ta, kuma ba dariya. Na daure. Ya matso ya ce wanda duk ya fifita ƙarfe a kan ƙasa ba shi da hankali. Na sake daurewa. Sai na ga ya ɗaga sandar nan da hannu biyu ya nufi boneti da ita.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na dai tsinci kaina a gabansa, na cafke sandar a sama, ina magana da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Kar ka kuskura. Baba bai sayar da gonar kowa ba, da guminsa ya saye ta. Ka je Gaya ka tambaya. Kai ne gwangwani."

Ina cikin wannan sai na ji sandar ta lanƙwashe a hannuna. Na matsa, ta shige, na saki, ta dawo. Soso ne. Soson katifa aka yanka aka shafa wa baƙin fenti.

Mai riƙe da makirfo a kan doguwar gora ya sauke ta a hankali. Darakta ko dakatar da ɗaukar bai iya yi ba, ya tsaya baki buɗe. Dattijon ɗan wasan ya dube ni, fushin da ke fuskarsa ya ɓace kamar an goge, ya ce cikin taushin murya, "Malam, ai ba da Baba nake ba. Allah ya jiƙansa."

Ana cikin haka sai wata mata daga kan katanga ta ce, "Mai mota, motarka ta tafi."

Na waiwaya. Tana tafiya da baya, a hankali, cikin natsuwa, ƙofar direba a buɗe. Na bi ta da gudu, sandar soso a hannuna, wandon kaki ya ƙi ba ni haɗin kai. Kafin in kai ta isa dangar karan maƙwabcin Malam, ta kwantar da ita, ta tsaya a jikin turken awaki. Awakin suka fito suka bi ta tsakanin ƙafafun masu kyamara. Danjar baya ta hagu, wadda ta shekara fiye da arba'in ba ta ko tsage ba, ta zube a ƙasa.

Wato duk cikin mutanen da na yi wa kashedi a kan motar nan, ba wanda ya ko ƙwarzane ta. Ni na fasa ta.

Sai a lokacin dariya ta ɓarke, kuma abokan aikina ne suka buɗe ta. Na kashe mota, na nemo dutse na sa a taya a gaban kowa, asirin da na ɓoye ya fito fili. Saura abu mafi wuya, wato in wuce ta gaban tsamiya. Na zo na durƙusa kaina a ƙasa. Malam bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ja carbinsa sau biyu, ya ce, "Sannu. Allah ya tsare gaba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka mayar wa bawan Allah sandarsa."

Har lokacin tana hannuna.

Na je na ba dattijon haƙuri, ya riƙe hannuna ya ce shekara da shekaru yana wasa, ba a taɓa yarda da fushinsa kamar yau ba. Darakta ma bai yi faɗa ba, ya dai sake yi mini bayanin labarin daga farko, a hankali, yana tsayawa yana tambayata in maimaita. Aka sake ɗauka, dattijo ya maka wa boneti soso har sau uku, ni kuwa ina zaune ƙafata a kan birki kamar an dasa ni. Da aka gama, ni da mai gidan muka ɗaure dangarsa har la'asar. Ya ƙi karɓar komai, ya ce abin da ya gani ya ishe shi.

Na dawo gida na tarar labari ya riga ni. Hajara ta kawo mini abinci, ina ganin kafaɗunta suna rawa in ta juya baya.

Da fim ɗin ya fito muka kalla a waya. Motar ta yi kyau ƙwarai. Ni kuwa kunnena na dama ne ya fito, da gefen hula. Wanda ya zagaya gari shi ne ɗan guntun da wani ya ɗauka da wayarsa, daga cafke sanda zuwa fitowar awaki. Har yanzu in na tsaya sayen nama a kasuwar Gaya sai wani ya ce daga bayana, "Baba bai sayar da gonar kowa ba." Nakan juya in ce gaskiya ne, bai sayar ba, mu yi dariya tare. Abin da ya rage mini ke nan.

Na kai motar wurin makanike an gyara birkin hannun, aikin da bai ci rabin yini ba. Danjar ce har yau ban samu irinta ba. Abin da na koya kuwa, in ana yi maka bayani ka saurara, ko da ana ajiye shayi kusa da abin da ka fi so. In kuma ka ba da aron abu, ka miƙa mukulli ka koma gida ka kwanta. In ka ƙi, ka tsaya gadi, to kafin ka zagi dattijo a gaban surukinka, ka fara matsa sandar ka ji.