Rasuwar Sauro, Jirgin Ɗakin Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da durƙuso a bakin gado, Mai Tabarau na kan kwana da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon sojan gidansu, jirgin yaƙi na roba wanda aka fi sani da Sauro. Marigayin ya faɗo daga silin ɗin ɗakin Auta da rana tsaka, bayan ya shafe kusan shekara ashirin a rataye yana kallon taga. Bai taɓa tashi ba, bai kuma taɓa sauka ba sai wannan karon, saukar kuwa ba ta yi kyau ba.

Mai makoki ya so a ce wannan sanarwa ta fito da raha, domin an kwana biyu ba a yi dariya a gidan ba. Auta, ɗansa, wanda tare suka haɗa marigayin, yanzu matuƙin jirgin yaƙi ne na gaske. Watannin baya ya bugo waya ya ce za a tura su inda ba a barin waya, kada kowa ya damu. Tun daga nan shiru kake ji. Saboda haka duk wanda ya ga rahar ta yi tsami a wani wuri, ya yi wa tsoho uzuri.

An haifi marigayin a cikin kwali, gutsi-gutsi, kowane yanki maƙale da ɗan'uwansa. Mai Tabarau ne ya hango shi a tagar wani shago ya sayo wa Auta, lokacin yaron yana firamare. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙananan sukurori da hantsaki, sai ya ɗauka aikin yini biyu ne. Aikin ya cinye hutun makaranta sukutum, ya haɗa da teburin cin abinci. A nan suka riƙa yanko yanki da reza, su goge bakinsa, su gwada shi a bushe kafin a kai ga gam. Sun cusa 'yar dalma a hancin jirgin don kada ya zauna a kan jelarsa, duk da cewa rataye shi za a yi, babu wanda zai sani. Uban ya ce aikin da ba a gani shi ne aiki. Mama, uwar yaran, ta ce ita dai abin da take gani shi ne iyalinta suna cin abinci a kan cinya, gida kuma yana warin fenti.

A fiffiken hagu akwai shatin babban yatsan Auta, inda ya dafa gam bai bushe ba. Uban ya ɗauko abin gogewa, ya dubi fuskar yaron, ya mayar da shi. Aka bi da fenti kore da ruwan ƙasa a kai, shatin bai ɓace ba.

Abin da ya fi ba su aiki shi ne ɗan matuƙin da ke zama a ciki, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Takardar kwalin ta ce a yi masa fuska ja-ja-ja. Auta ya ƙi. Ya zauna yana gauraya fenti a murfin kwalba, yana ɗiga shi a bayan hannunsa, har sai da ya samo launin da ya ɓace a fatarsa. Da tsinken sakace ya shafa wa matuƙin, ya ɗaga shi ga haske ya ce, "Yawwa, Baba, yanzu ya zama ɗan gida." Murfin gilashin da ke rufe matuƙin kuwa, da farin gam na kafinta aka liƙa shi, mai sauƙin ɓanɓarewa, domin gam mai ƙarfi yana sa gilashin roba ya yi yana. Mai yanka tabarau ba zai yarda matuƙinsa ya tashi da yanar ido ba.

Marigayin soja ne mai zaman lafiya. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa jefa bam ba, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba, hasali ma ƙudaje a kansa suke hutawa. Ba shi da muryar kansa a farkon rayuwa, ta Auta yake ara. Kafin a rataye shi, yaron yakan zaga falo da shi yana "ziiiiiing", har Mama ta ce wannan ai ba jirgi ba ne, sauro ne, sunan kuma ya bi shi. Da ya manyanta sai ya samu tasa muryar: idan an kunna fanka, farfelarsa takan juya a hankali tana "ƙis, ƙis, ƙis". Da wannan sautin Auta ya yi barci har ya girma.

Gaskiya ba ta barin a rufe zargi guda da ya bi marigayin har bayan ransa, wato shi ne ya sace yaron. Ranar da Auta ya shigo da labarin an ɗauke shi makarantar sojan sama, Mama ba ta yi masa faɗa ba. Ta jira ya fita, ta juyo ga mijinta.

"Kai ka rataya masa shi a kan gado, Baban yara. Yaro ya buɗe ido jirgi, ya rufe ido jirgi. Me kake so ya zama, tela?"

Mai Tabarau kuwa a ranar farin ciki yake yi, har ya gaya wa duk wanda ya shigo shago gwada gilashi. Wannan farin cikin shi ne yake cinsa yanzu. Duk lokacin da aka fara labarai a rediyo yakan tuna yana da aiki a waje.

Ciwon ajalin marigayi ya daɗe yana tafe. Tamburan jikinsa, waɗanda aka jiƙa a faranti aka zame su da burushi, sun yi rawaya. Sannan ya fara karkata hagu. Zaren kamun kifin da ke riƙe da shi ya yi fari ya bushe, rana ta gama da shi. Mai Tabarau ya ga duk wannan, don kullum bayan ya rufe shago yakan shiga ɗakin ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai. Yana da sabon zare a aljihun tebur. Ya bar shi ne sai Auta ya dawo su canza tare, ɗaya ya riƙe kujera ɗaya ya hau.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mama tana cikin ɗakin tana sauya zanen gadon da babu mai kwana a kai, ta kunna fanka don ɗakin ya sha iska. An ji "ƙis, ƙis" kamar kullum, sai "tas". Bai faɗa kan katifa ba, sai da ya daki ƙarfen gado tukuna. Fiffiken hagu ya yi gefe, farfela ta shige ƙarƙashin durowa, dalmar nan ta hanci ta gangaro har bakin ƙofa. Da Mai Tabarau ya iso da gudu ya tarar da ita zaune a ƙasa, zanen gado a hannunta. Bai faɗi abin da ya zo masa a rai ba, kuma bai tambaye ta abin da ya zo mata ba.

Ya durƙusa ya tattara gawa. Komai ya samu, har murfin gilashin, wanda ya fita salin-alin ko tsagewa bai yi ba. Kujerar matuƙi tana nan. Matuƙin ne babu.

A nan ne hankalin dattijo ya tashi, tashin da shi kansa ya san ya fi ƙarfin ɗan guntun roba. Ya janye gado. Ya kwashe durowa. Ya bi gindin bango da tocila da gilashin ƙara girma, ya hana a share ɗakin, ya juye mazubin shara a kan jarida yana tonawa da hantsaki. Shago ya zauna a rufe, masu jiran tabarau suna ta kanne ido a titi. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta biyo daga wurin aiki ta same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin gado.

"Baba, don Allah ka fito, bayanka zai riƙe. Da wani abu ya samu Auta da tuni mun ji. Mugun labari ai ba ya jiran mota."

"Ni na ce miki wani abu ya same shi? Kayana nake nema."

"To ka sayi wani mana, ko ba a sayarwa?"

"Irin fuskarsa ba a sayarwa," in ji shi, ya ƙara kutsawa ciki.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne da dama a kan kabad, duk jiragen da aka haɗa bayansa, waɗanda sun fi shi kyau amma babu wanda aka raɗa wa suna. Ya bar kwalaben fenti da suka daskare, da burushi mai gashi uku, da kwali guda da ba a buɗe ba, wanda Auta ya kawo a zuwansa na ƙarshe ya ce a ajiye masa. Ya bar ƙusa a silin da guntun zare yana lilo. A daidai nan mai makoki ya ajiye alƙalami, domin ya rasa a wane layi zai sa matuƙin, cikin waɗanda aka bari ko cikin waɗanda suka tafi.

Yana zaune a haka Mama ta shigo ta ajiye masa gidan tabaraunta a kan takardar. Ta ce ƙafar gilashin ta yi sako-sako, ya ɗaure mata. Ya buɗe. Tabarau lafiyarsa ƙalau. A ƙarƙashinsa, naɗe cikin ƙyallen goge gilashi, ga ɗan matuƙi zaune da hannuwansa a kan gwiwa, fuskarsa launin bayan hannun Auta.

"A ina kika tsince shi?"

"Ban tsince shi ba. Tun ranar da yaron nan ya ce za a tura su na hau kujera na ɓanɓare murfin da allura na ciro shi, na mayar da murfin. Na ce wannan dai ina da iko da shi, ba zai kwana a sama ba."

"Kina kallo ina ta rarrafe kamar jariri?"

"Na so ka ɗanɗana neman da nake yi kullum," ta ce. "Amma na ga abin zai kashe ka. Ba kowa a ciki, Baban yara. Da ya faɗo ba kowa a ciki."

Mutumin da ya yi watanni yana tsayawa a ƙarƙashin jirgin bai taɓa lura ba, domin daga ƙasa tumbin jirgi kawai ake gani. Ya cire nasa tabarau ya daɗe yana gogewa. Ita ma ta zauna a gefensa, abin da ba ta yi ba tun ranar maganar tela. Auta dai har yanzu bai bugo ba, kuma iyali ba za su yi wa jama'a ƙaryar cewa hankalinsu ya kwanta ba.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar. An shimfiɗa marigayin a kan auduga cikin kwalin takalmi, fiffiken hagu a sama, yadda shatin yatsan zai riƙa kallon murfin kwalin. An ajiye shi a kan gadon Auta. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma ana roƙon masu zuwa kada su ce roba ce kawai, kada su kawo labarin abin da suka ji a rediyo, kuma duk wanda wayarsa za ta yi ƙara ya kashe ta tun daga ƙofa, don mutanen gidan suna zabura. Ba za a binne ba, ba kuma za a sa gam ba, sai babban magaji, wato Auta, ya iso ya ga gawa da idonsa, ya faɗi ko ta gyaruwa ce. Ba a sa rana ba. An bar ƙusar a silin, sabon zare yana aljihun tebur, kujerar hawa tana jingine a bango tana jiran mai riƙewa.

Matuƙin kuwa ba ya cikin masu makoki. Yana wurin Mama, cikin gidan tabarau, kuma ta ce ba za ta miƙa shi ga kowa ba sai hannun da ya yi masa fuska.