Yadda Za Ka Yi Ƙiba a Allon Kwamfuta Kafin Suruka Ta Gan Ka

Kai siriri ne, kuma dangin yarinya na son su ga alamar kana ci kana ƙoshi? Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka yi kumatu kafin la'asar. Gana na Ajilari ya gwada. Ya Kellu, gwaggon da ta riƙe budurwarsa Sa'adiya, ta aiko daga Gashuwa cewa sai ta ga hotonsa, domin ba za ta ba da 'yarta ga wanda bai iya ciyar da kansa ba. Shi kuwa Gana, in ya juya gefe sai an neme shi.

1. Samo allo mai faɗi

Kada ka yi da naka. Gana ya yi da na shagon Oga Uzochukwu a Wulari, inda yake buga wa mutane takardu. Ka jira mai shago ya fita cin abinci.

2. Cire manhajar katin hoto

Ita ce masu gyara ke kira direba, kuma ita ke hana kwamfuta ƙarya. Goge ta, ka kashe ka kunna. Allo zai yi baƙi na ɗan lokaci. Kada ka firgita. Gana ma salati uku kawai ya yi. Da ya dawo, komai zai baje gefe da gefe, agogon da ke kusurwa ma ya yi tumbi.

3. Cire wayar intanet

Kwamfuta akwai shisshigi. Ka bar ta da intanet, za ta sauko da manhajar da kanta, ka rame a gaban idonka.

4. Buɗe hotonka, ka ɗauki hoton allon da waya

A nan wawaye ke faɗuwa: su tura hoton kai tsaye, ya isa da ƙasusuwansa. Ƙibar a jikin allo take, don haka allon za ka ɗauka. Gana ya ga wuyansa ya yi ninki, har ƙwalla ta zo masa don daɗi.

5. In an kama ka, ɗora wa wuta

Oga Uzo ya dawo ya tarar da hoton matarsa Benedicta a fuskar allo ta cika shi dam.

"Gana! Wane ne ya kumbura madam ɗina?"

"Oga, wuta ce ta zo da ƙarfi."

Ba wanda ya taɓa musa wannan a garin nan.

6. Je ka tarbi suruka da ƙarfin gwiwa

Hoto ya yi aiki. Bayan mako biyu Ya Kellu ta sauka a tasha, Gana ya je da sabuwar hula, ya durƙusa.

"Wushe, Ya Kellu. Sannu da hanya."

Ta miƙa masa jakarta. "Yauwa, mai keke. Unguwar Mafoni za ka kai ni." Ta zaro waya ta nuna masa. "Ka san wannan? Surukina ne. Dubi wuya, tubarkalla! Ka riƙa cin abinci, ɗana. Da irinka Sa'adiya ta kawo min, da motar nan zan koma."

Gana ya dubi hoton, ya dubi motar, wadda ko kashe inji ba ta yi ba.

"Na san shi, Ya Kellu," in ji shi. "Mutumin kirki ne ƙwarai."

Ya saɓa jaka ya tafi neman keke.

Sanarwa

Na yi maka alkawarin ƙiba, kuma ka samu. Ban ce za ta biyo ka waje ba. Fushin suruka, fushin Madam Benedicta da duk abin da ya biyo baya, naka ne kai kaɗai. Oga Uzo ya mayar da manhajarsa cikin minti goma. Ya Kellu kuwa tana Mafoni kwana huɗu ke nan, ta ce ba inda za ta sai mai wuyan ya zo gaisuwa.