Rasuwar Dogo, Fiffiken Allon Doña Teodolinda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, Doña Teodolinda Periche, mai sayar da ɗanyen kifi da lemun tsami a bakin kwatar Punta Garza, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu hawan igiyar ruwa na wannan gaɓa rasuwar Dogo, fiffiken katakon da ke ƙarƙashin allonta na hawan igiyar ruwa, wanda ya riga mu gidan gaskiya da safiyar Talata yana da shekara ashirin da uku a duniya. Ya rasu a bakin aikinsa, a tsakiyar igiyar ruwa, a gaban mutum sama da talatin. Masu zuwa ta'aziyya da ke ce mata kwanansa ne ya ƙare, su daina. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shin ciki ɗaya suka fito da ita.

An haifi marigayin a rumfar mijinta Anselmo, kafintan jiragen masunta, wanda shi ma ya kwanta dama shekara shida ke nan. Shi ne na uku a wurin mahaifinsa. Na farko gajere ne, inci bakwai. Ranar da ta gwada shi, tana karya kwana a gindin igiya sai wutsiyar allon ta zame, ta sha ruwa ta ƙoshi. Ta fito ta jefa wa Anselmo shi a cinya ta ce, "Cokali ka liƙa min ko fiffike?" Na biyu faffaɗa ne, tsaye ƙyam. Wannan kam ya riƙe ruwa, amma ya ƙi juyawa; allon ya miƙe da ita kamar motar da sitiyarinta ya ƙage, har sai da ta tsinci kanta a cikin ragar wani masunci. Daga nan Anselmo ya ajiye zarto. Kwana uku yana zaune a kan dutse yana kallon yadda matarsa ke taka allo, inda take sa nauyinta, da yadda take son tafiya har can bakin hancinsa ta tsaya. Sannan ya ɗauko guntun katakon wani tsohon jirgi ya sassaƙa Dogo: inci goma, gindi mai faɗi, kai siriri mai lanƙwasa baya, ya lulluɓe shi da zaren gilashi. Tun daga ranar ba ta sake neman wani ba.

Marigayin mai riƙon amana ne. Doña Teodolinda takan taka har ƙarshen allo ta zuro yatsun ƙafarta goma a kan ruwa, shi kuwa yana can baya ya danne wutsiya, bai taɓa sakinta ba. Ba ya rawar kai, ba ya gardama a kwana. Ya kai ta ya dawo da ita tana da cikin 'yarta Maribel wata biyar. A makon da aka binne Anselmo, lokacin da ta kasa zama a gida ta kasa cin abinci, shi ne ya riƙa fita da ita kowace safiya.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: yana waƙa. Da zarar allo ya ɗauki gudu sai a ji shi daga ƙasa, "wuuuu", har cikin tafin ƙafa. Anselmo ya ce gefensa na baya ne bai gogu sosai ba, ta kawo ya sa masa samfefa ya yi shiru. Ta hana. Da wannan kukan take sanin gudu ya kai ta fara takawa gaba. Masunta ma sun san shi; in suka ji "wuuuu" daga wajen duwatsu sai su ce Teo ta fito.

Yanzu sai maganar ciwon ajali, kuma Doña Teodolinda ta ce a rubuta ta yadda ta faru, kada a rage komai.

Tana da ƙane, Wilmer, ɗan shekara arba'in da ɗaya, mai ba baƙi hayar manyan allunan nan da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili. Wilmer bai taɓa hawan igiyar da ta wuce ƙugunsa ba, amma duk garin nan babu wanda ya kai shi sanin fikafikai a baki. Komai a waya yake karantawa. Zai tare mutum a bakin kwata ya yi masa huɗuba: uku sun fi ɗaya, huɗu sun fi uku gudu, na roba ya fi na katako. Shekara da shekaru yana yi wa marigayin gori. "Yaya, ki jefar da wannan tsohon ludayin," in ji shi, "zamani ya wuce shi."

Ranar Litinin ta tafi kasuwar Talara sayen lemun tsami da albasa. Wasu baƙi biyu suka zo daga birnin Lima, mata da miji, suna son allo. Wilmer ya duba ya ga ɗaya daga allunansa ba fiffike, domin ya yar da shi tun wancan makon bai sayi wani ba. Sai ya shiga gidan yayarsa, ya kwance tsohon ludayin da zamani ya wuce, ya ɗaura wa baƙon.

A nan ne fushinta ya fi tsanani. Da cikin teku ya tura mutumin, da Dogo ya yi aikinsa ya dawo lafiya. Amma Wilmer ya tura su tafkin bayan duwatsu, a lokacin da ruwa ya janye, inda zurfinsa bai kai gwiwa ba. Ko jakin da ke jan amalanken kifi ya san wurin nan ɗan gajeren fiffiken roba ake sa wa allo, mai lanƙwasawa in ya taɓa dutse. Mai huɗubar fikafikai ya ɗauki inci goma na katako, ya ɗora masa ƙaton mutum mai tumbi, ya ce su je su sha iska. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji "ƙwas", suka ga baƙon ya tashi sama shi da filafilinsa.

Dogo bai mutu nan take ba. Ya tsage ne daga gindi, tsaga mai zurfi. Da an kai shi wurin mai gyara a ranar, an buɗe ciwon an sake naɗe shi da zaren gilashi, da yau yana raye. Wilmer bai kai shi ba. Ya sayo gam ɗin liƙe takalmi, ya ɗura a tsagar, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar da shi ƙarƙashin allon ya ɗaure noti. Da ta dawo har da karɓar mata buhun lemun tsami, yana tambayarta ya hanya.

Marigayin ya kwana da ciwonsa, bai da bakin faɗa.

Da safiyar Talata teku ta kawo irin igiyar da ake jira tun farkon wata, doguwa, mai karyewa hagu, ta fi mutum tsayi. Kowa ya fito. Aka bar wa Doña Teodolinda ta farko, kamar yadda aka saba. Ta miƙe, ta gangaro, Dogo ya fara waƙarsa, sai dai muryar ta dishe, "wuu… wuu…", kamar mai tari. Ta ji, amma ba ta gane ba, kuma wannan na cikin abin da ke cin ranta. Ta danna ƙafar baya za ta karya kwana. Sai "ɗas". Shi ne sautinsa na ƙarshe. Allon ya juya a kaikaice, igiyar ta naɗe ta, ta maka ta da duwatsu, ta ja ta a kansu. Ta fito da ƙwauri a tsage, jini har idon sawu, ga ƙayar bushiyar ruwa cike da tafin hannunta. Ɗinki tara aka yi mata. Mace mai shekara hamsin da huɗu, wadda rabonta da faɗuwa a wannan kwanar tun kafin a haifi rabin masu kallon.

Ba ta yarda an kai ta asibiti ba sai da aka kifa mata allon. Gindin Dogo na nan a maƙale, sauran jikin ya tafi. Ta kai hanci ta shinshina. Gam.

Da ɗingishi ta isa rumfar Wilmer, jama'a na biye da ita.

"Wilmer, wa ya taɓa min allo?"

"Allo kuma? Yaya, dubi ƙafarki, mu je a duba ki tukuna."

"Ƙafata tawa ce. Wa ya sa wa Dogo gam?"

"Ai… katako ne, Yaya. Katako yana tsufa."

"Yana tsufa ya tashi ya je kanti ya sayo gam ya shafa wa kansa?"

Sai matar mai sayar da ƙanƙara ta ɗaga murya daga baya: "Faɗa mata mana, Wilmer! Ko mu faɗa mata yadda mai tumbin nan ya tashi sama?"

Ya faɗa, yana kallon ƙasa. Doña Teodolinda na so a sani cewa har zuwa nan tana iya yafewa wata rana. Abin da ya biyo baya ne ya rufe ƙofar. Da la'asar Wilmer ya zo gidanta da ɗan kwali, ya ajiye a gabanta ya ce, "Ga wannan, Yaya, na zamani ne, sun ma fi wancan." Ta buɗe. Fikafikan roba uku ne, 'yan ƙanana, masu ruwan ɗorawa, irin na gajerun allunan samari. Allonta kuwa ramin ɗaura fiffike ɗaya gare shi. Shekara ashirin da uku yana jingine a zauren gidan da Wilmer ke cin abincin rana kullum, bai taɓa kifa shi ya ƙirga ba. Maƙwabta sun shaida cewa kwalin ya riga shi fita.

Marigayin ya rasu ya bar allo ɗaya mai tsawon ƙafa tara da rabi, wanda ke kife a zaure yanzu ba ya ko motsi. Da noti ɗaya da suka yi zaman amana tare tun ranar farko. Da igiyar ɗaurin ƙafa, wadda ita ce ta ga abin da ya faru da idonta. Ya bar yayyensa biyu, Cokali da Mai Gardama, wancan da ya ƙi juyawa, suna rataye a tsohuwar rumfar Anselmo, kuma ko ɗayansu ba zai iya gadonsa ba. Ya bar Maribel, wadda ta kira daga garin Piura ta yi kuka fiye da yadda uwarta ta zata. Ya bar Doña Teodolinda, wadda ta zauna jiya za ta zana siffarsa a takarda don a sassaƙa mata wani, ta tarar hannun da ya san ma'aunin yana cikin ƙasa.

Iyalan na miƙa godiya ga Don Evaristo mai nutso, wanda ya bar kamun ƙaguwarsa ya yi kwana biyu yana lalube a gindin duwatsu har ya samo sauran gawar. Suna kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya su daina zuwa da fikafikai a hannu. An kawo goma sha ɗaya zuwa yanzu. Ba ta zaɓa ba, ba ta kuma shirya zaɓa ba, kuma duk wanda ya sake ce mata "ai duk ɗaya ne" ya kuka da kansa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da ruwa ya cika. Za a taru a bakin kwata, kowa da allonsa. Doña Teodolinda za ta shiga jirgin Don Evaristo saboda ɗinkin ƙafarta, da marigayin a cinyarta. Za a fita har bayan duwatsu, a yi da'ira, a watsa furanni. Ba za a jefa shi a teku ba. Ta ce teku ta riƙe shi kwana biyu, ya isa. Za a dawo da shi a binne a gindin bishiyar da ke bayan rumfar Anselmo. Bayan nan akwai kifi da dankali da masara ga duk wanda ya zo.

Game da Wilmer, da farko ta ce ko inuwarsa kada ta gani. Sai mahaifiyarsu, Doña Eufemia, mai shekara tamanin da uku, ta sa aka kira su duka biyu. Ta ce ita ba ta haifi 'ya'yan da za su raba jana'iza ba, ko ta katako ce.

"To, Mama, na ji," in ji Doña Teodolinda. "Ya zo. Amma a kan allonsa zai zo, a tsaye, da filafilinsa. Kuma ni zan zaɓa masa fiffike."

Wilmer ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Na gode, Yaya. Wanne za ki sa min?"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Ai allon juyawa zai ta yi da ni a wuri ɗaya!"

"Ashe ka san aikinsa."

Tsohuwa ta ce hukuncin ya yi daidai. Saboda haka ana sanar da jama'a cewa ba za a watsa fure ko ɗaya ba sai Wilmer ya iso cikin da'irar da kansa, kuma an hana kowa jansa ko miƙa masa igiya. Masu zuwa su taho da hula da ruwan sha, domin an san lokacin farawa, amma ba a san lokacin tashi ba.

Allah ya jiƙan Dogo, ya ba mai shi haƙurin da har yanzu ba ta nema ba.